Zauren Masu Kallo: Wai me ya sa muke tafa wa ɗan fashi a fim?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka zo, wato fim ɗin nan na Amurka na 'yan sanda da 'yan fashin banki da aka fassara da Hausa ake ta tura shi waya zuwa waya a Gusau. Sunansa kam ba zan faɗa ba, masu shagon turi sun riga sun yi masa tallar da ta ishe shi. Ga wanda bai gani ba, wasu tsofaffin sojoji ne suka koma fashi suna shirin kwashe wani babban banki a Los Anjalis, sai wani ogan 'yan sandan farin kaya, mashayi wanda gidansa ya gama watsewa, ya sa su a gaba, ƙarshe dai aka yi ruwan wuta a tsakiyar titi cikin gosulo. Ni sau biyu na kalla, ɗaya a waya ni kaɗai, ɗaya a wani gidan kallo, kuma wallahi kamar fim biyu daban na gani. To bismillah.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni dai tunda anka fara fim ɗin ga har anka ƙare bayan ɓarayin nike, da anka harbe ogansu sai da nij ji kamar in yi kuka, abokina yac ce wai imanina ya yi rauni. Dan Allah laihina ne ko na masu fim? Daga wani ɗan kabu-kabu, Tudun Wada, Gusau.

AMSA: Ƙanena kwantar da hankalinka, imaninka na nan inda ka bar shi, aiki aka yi maka kuma aikin ya ci. Ka sake kallo ka lura da wanda kyamara ta fi zama da shi da kuma halin da take nuna shi a ciki. Ogan ɓarayin nan ba ya ihu, ba ya shaye-shaye, kullum cikin lissafi yake kamar mai awon gwal, yaransa na ganin girmansa, har ana nuna ɗaya daga cikinsu a gida da iyalinsa kamar kowane magidanci. Shi kuma ɗan sandan da ya kamata a ce shi ne jarumi, farkon ganinka da shi ido jajir, riga a yamutse, bakinsa ba ya rabo da ashar, matarsa na kwashe yara tana barin gida. To ka ce zuciya wa za ta bi? Ni kaina da nake wannan surutun sai da na ji wani iri lokacin da ogan ya faɗi.

Kuma kar wani ya ce maka Turawa ne suka kawo mana son mai wayo, tun muna gindin kaka wa muke so a tatsuniya in ba Gizo ba, ga ƙarya ga cuta ga haɗama amma shi muke jira ya fito. Nan maƙwabtanmu Kebbi aka yi Gambu mai waƙar ɓarayi, dattawan da ko allurar wani ba su taɓa ɗauka ba su kunna kaset ɗinsa suna ƙyaƙyata dariya. A kudu kuma a 1986 an yi Lawrence Anini a birnin Benin, yana fasa banki yana watsa wa 'yan kasuwa kuɗi a kan hanya, ya gagara har sai da Babangida ya tambayi Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin Etim Inyang ina Anini yake, sai a Disamban shekarar aka kama shi, aka harbe shi ranar 29 ga Maris 1987.

Amma ga inda nake so ka tsaya ka yi tunani. Fim ya ɗauke ka ya zaunar da kai a kujerar mai bindiga na tsawon awa biyu, alhali kai a zahiri ba can kujerarka take ba. Ranar 5 ga Afrilu 2018 'yan fashi suka shiga garin Offa a jihar Kwara, suka fara da caji ofis sannan suka bi bankuna biyar, mutum 33 aka kashe, 9 daga ciki 'yan sanda, sauran masu gadi ne da masu bin layi da masu wucewa, sai a Satumban 2024 kotu ta yanke wa mutum biyar hukuncin kisa. Kai da kake faka babur a bakin banki kana jiran fasinja ya ciro kuɗi ya biya ka, a fim ɗin nan kai ne wancan da aka haska na daƙiƙa biyu ya yar da abin hawansa yana gudu, ko sunansa ba a faɗa ba.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Ni tsohon ɗan sanda ne, shekara 35 na yi ina aiki har na ajiye lafiya lau, jikana ya kunna mini fim ɗin nan kuma raina ya ɓaci ƙwarai. An mayar da ɗan sanda ɗan iska, mashayi, mai dukan mutane ba bisa ƙa'ida ba, ɓarawo kuma an yi masa kwalliya. Wannan ba cin mutuncin kaki ba ne? Daga wani dattijo, Talata Mafara.

AMSA: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma, ya sa hutun da aka samu ya zama mai albarka. Ɓacin ranka na kan hanya, don duk wanda ya kwana a shingen hanya cikin sanyin hunturu yana jiran abin da bai san ta inda zai ɓullo ba, dole ya ji zafi in ya ga an zana ɗan uwansa haka. Sai dai Baba ka yi mini afuwa in faɗi abin da na gani da idona. A gidan kallon da na je, lokacin da ɗan sandan ya kama wani yaro daga cikin ɓarayin ya kulle shi a ɗaki suna marinsa ba takarda ba lauya, ba wanda ya yi mamaki, wani ma daga baya cewa ya yi "ashe har can haka suke". Wannan maganar ita ta fi fim ɗin ciwo.

Mutane ba daga Holiwud suka fara jin labarin ɗan sanda mai hali biyu ba. A shari'ar Anini da na ambata a sama, wanda aka samu da ba shi makamai da bayanan sirri babban jami'i ne, DSP George Iyamu, shi ma harbe shi aka yi. Rundunar SARS da aka kafa a 1992 don yaƙi da fashi da makami, ƙorafin jama'a ne ya yi yawa a kanta har aka rusa ta ranar 11 ga Oktoba 2020. Ni kaina na taɓa bin wani ɗan uwana wani caji ofis kan babur ɗinsa da aka kama, ga rubutu ɓaro-ɓaro a bango cewa beli kyauta ne, amma sai da muka bar kuɗin cefanen sati a can kafin a miƙo mana makulli. Ba na ce kowa haka yake ba Baba, mutum 9 ɗin nan na Offa ai kaki ne a jikinsu, ga waɗanda ake yi wa kwanton ɓauna a hanyoyinmu na nan Zamfara ana kawo gawarsu ba wanda ya san sunan 'ya'yansu. Inda zan tsaya tare da kai shi ne fim ɗin ya nuna kamar sai ɗan sanda ya zama ɗan daba sannan zai iya kama ɗan fashi, wannan kam ƙarya ce mai daɗin kallo, yawancin kamun da ake yi da haƙuri ne da bin sawu da wani bawan Allah da ya tsegunta.

TAMBAYA: Slm Malam, gardama ce ta kaure tsakaninmu a hostel, wasu sun ce harbe-harben ƙarshen nan duk ƙarya ce ba yadda za a yi mutum huɗu su tsare 'yan sandan gari guda, ni kuma na ce zai yiwu. Wa ya fi gaskiya? Sannan kuɗin da suka ɗauka anya jaka za ta ci su? Daga wani ɗalibi, Kaura Namoda.

AMSA: Ɗalibi kai ka ci gardamar, je ka karɓi kuɗin shayinka. Ba ma mutum huɗu ba, mutum biyu sun taɓa yi. Ranar 28 ga Fabrairu 1997 wasu mutum biyu, Larry Phillips da Emil Matasareanu, suka shiga reshen Bank of America a unguwar Nos Holiwud a Los Anjalis ɗin nan dai, sanye da rigunan sulke, ɗauke da manyan bindigogi masu sarrafa kansu. Suna fitowa suka tarar 'yan sanda sun zagaye wurin, aka yi kusan minti 44 ana musayar wuta, harsashi kusan 2,000 aka harba tsakanin ɓangarorin biyu, jiragen gidajen talabijin na sama suna haskawa kai tsaye. 'Yan sandan ƙananan bindigogi ne a hannunsu, suna harbi yana sauka a kan sulke kamar ana jifan bango da tsakuwa, har sai da wasunsu suka ruga wani shagon sayar da bindigogi suka aro manya. An raunata 'yan sanda 12 da fararen hula 8, amma ikon Allah ba wanda ya mutu sai su ɓarayin biyu. Kuɗin da suka ɗauka dala 300,000 da ɗoriya ne, kuma ko su ba su more ba, don bankunan can suna cusa wani ɗan ƙunshin jan rini a cikin kuɗi wanda yake fashewa in an fita da shi, ya ɓata takardun.

Sai dai su ma abokanka ba su faɗi ƙasa warwas ba. AK-47 harsashi 30 gidanta yake ci, kuma in ka danne kunama ba ka saki ba tana zubar da kusan 600 a minti, ka ga ke nan cikin daƙiƙa 3 ta ƙare, duk fim ɗin da ka ga mutum ya yi minti guda yana feshi bai canza gida ba to almara ce. Wannan fim ɗin a nan ya yi ƙoƙari gaskiya, ana nuna su suna canzawa, ɗaya na harbi ɗaya na ja da baya. Inda ya yi mana wayo shi ne ɓuya a bayan ƙofar mota, ƙofar mota gwangwani ce, harsashin babbar bindiga ratsa ta yake yi ya fita ta ɗaya gefen, wurin injin ne kaɗai yake da ɗan abin tarewa.

Maganar jaka kuwa lissafi ne mai sauƙi. Kowace takardar dala nauyinta giram 1 ne, dala miliyan ɗaya a 'yan ɗari-ɗari takarda 10,000 ce, kilo 10 ke nan, jakar makaranta ma za ta ɗauka, amma in aka ce miliyan 30 ka ga an kai kilo 300, ba mai gudu da wannan ga sulke ga bindiga. Mu kuwa a nan da babbar takardarmu ita ce N1,000 tun 2005, naira miliyan 100 rafa 1,000 ce, in ka ƙaddara kowace takarda giram ɗaya ka samu nauyin buhun masara cur, sai dai a kira mai baro.

TAMBAYA: Malam ni uwa ce kuma malamar firamare. Ɗana mai shekara 13 ya kalli fim ɗin ga a wayar yayanshi, yanzu kullum shi da abokanshi sun sassaƙa bindigar kara suna fashin banki a zaure, kuma ba mai son ya zama ɗan sanda cikinsu, kowa ɓarawo. Da halin da muke ciki a jihar ga bai kamata gwamnati ta hana irin wanga fim ba? Daga wata malama, Tsafe.

AMSA: Malama sannu da ƙoƙari, Allah ya shirya mana su baki ɗaya. Tsoronki ba na banza ba ne, wanda yake zaune a Tsafe ba sai an ba shi labarin bindiga ba. An ma taɓa gwada hanin, a Satumban 2021 hukumar tace finafinai ta Kano ta hana shirya finafinan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya, a watan da mu kuma aka datse mana layukan waya gaba ɗaya har mutane na tafiya Funtuwa don kawai su kira 'yan uwa. To amma hukuma tana iya riƙe mai shirya fim a Kano, ba ta iya tsayawa tsakanin waya da waya, yaro ya miƙa mimori a shagon caji ya ba da ɗan canji a cika masa, wa zai tace wannan?

Kuma in za mu faɗi gaskiya masifar da ke dajinmu ba a fim aka koyo ta ba, tun wajen 2011 da satar shanu da rikicin gona da burtali da ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da mutanen daji ta faro, lokacin yawancin rugage ko wutar caji babu. Bindigar kara ma mun yi ta, mu a zamaninmu finafinan Indiya da na Chana ne, mu fito muna tsalle muna karya wa juna haƙora, kuma yau ga mu malamai da 'yan kasuwa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce fim ɗin na yara ne. A can inda aka yi shi irin waɗannan alamar R ake sa musu, ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya shiga sinima ya kalla sai da babba, mu kuma in an fassara sai a yanke wannan gargaɗin a ɗora tallar shago a wurin. Saboda haka yayan ne za ki fara kira, shi ya ba da waya. Shi kuma ƙaramin kar ki karya masa bindigar, gobe zai sassaƙa wata, ki zauna a bakin zaure ki kalli wasan, in sun gama ki tambaye shi wa ya fito a maigadin bankin, kuma da aka harbe shi wa zai kai wa 'ya'yansa abinci. Ki ji amsar da zai ba ki. In kin ji ya fara maganar cewa ɓarawo ya fi kowa wanka da kuɗi, to nan ne za ki sa ido sosai, wannan ya wuce wasa.

TAMBAYA: Ni ba tambaya gare ni ba Malam dariya kawai na zo yi, ina aikin kanta a wani banki a Gusau. Wai mutum biyar da manyan bindigogi su shigo ta ƙofa salin-alin hhh, mu ƙofarmu ko makullin mota ne a aljihunka sai ta maido ka waje tana maka turanci. Amma gsky sin ɗin da aka sa wa yarinyar kanta bindiga a ka ban iya kallo ba, sai da na tura gaba. Daga wata ma'aikaciyar banki, Gusau.

AMSA: Hajiya ai da sun zo mana a Fabrairun 2023 lokacin canjin kuɗi sai dai su karɓi lamba su bi layi kamar kowa, a ƙarshe a ce musu N5,000 za a ba mutum ɗaya. Sai dai ƙofar nan taki masu fashin gaske a ƙasar nan ba sa jiran ta yi musu turanci, nakiya suke sa mata. Batun tura gaba kuwa ba ke kaɗai ba ce, kuma kin lura kowa da inda yake tura gaba, ɗan kabu-kabunmu na sama bai ma tuna an yi wata yarinyar kanta a fim ɗin ba.

TAMBAYA: Malam mi kac ce game da fassarar? Ni ita ta sa nika son fim ɗin, mai fassarar ga akwai ban dariya, ko wurin mutuwa sai ya saki wata magana ka faɗi ƙasa. Daga wani mai shagon caji, Sabon Gari, Gusau.

AMSA: Abokina gwanintar kam ba a hana shi, mutum ɗaya ya yi muryar oga ya yi ta yaro ya yi ta mace, ya mayar da ashar ɗin Turawa zuwa "kai ɗan nema" don a iya kallo da mutane, wannan aiki ne, kuma ba don shi ba da rabin masu gardamar nan ba su san me ake cewa ba. Matsalata da shi ɗaya ce, bai san inda ake yin shiru ba.

Daren da na je gidan kallo, benci cike, janareta na ta ƙugi a waje, mai gyaɗa na zagayawa, kusa da ni wani bawan Allah ne mai ɗan furfura da wata tsohuwar jamfa, daga baya mai gidan kallon yake gaya mini cikin waɗanda suka baro ƙauyukansu ne, dako yake yi a kasuwa. Tun farko yana kallo yana murmushi har yana tambayata wane ne bos. Da aka zo wurin da ɓarayin suka harbe maigadi ya faɗi a bakin mota, sai mai fassara ya ce wai maigadi ya tafi hutun da ba albashi, wurin ya ɗauki dariya har da masu buga benci, ni ma ba zan yi ƙarya ba na dara. Sai aka buɗe wuta ta gaske, kuma ka san sifikun gidan kallo, ƙarar nan tana dukan ƙirji. Na waiga na ga mutumin nan ya sunkuyar da kai ya dafe gwiwoyinsa da hannu biyu, leɓensa na motsi. Bai jira an gama sin ɗin ba ya miƙe, ya bi ta tsakanin benci yana ba mutane haƙuri yana dafa kafaɗunsu, mai ƙofa ya ce masa Baba ai yanzu aka fara daɗin, ya ce a'a shi ya ji irinta, ya sa takalmansa ya fita. Ƙullin gyaɗar da ya saya ko buɗewa bai yi ba, nan ya bar shi a kan benci, wani yaro ya matso ya zauna a wurin ya ɗauke.